Adakar Baba da Hutun Mako Shida: Me Zan Karanta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Zariya, ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifinmu ya rasu bayan Ƙaramar Sallah, cikin abin da ya bari kuwa akwai wata tsohuwar adaka da shi ma ya gada wurin kakanmu. Da muka buɗe, mun tarar da aninai masu huji, da kuɗin azurfa guda biyar masu hoton wata mace an rubuta 1780 a jikinsu, da agogon aljihu da ya daina aiki, da butar tagulla, da takobi, da gafaka biyu cike da takardun rubutun hannu. Wani dillali ya zo ya taya kayan gaba ɗaya. Yayanmu yana so a sallama a raba kuɗin kowa ya huta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban san komai a kan irin waɗannan kaya ba balle in ja da shi.

Ga shi kuma dogon hutu ya zo, mako shida. Tun ina jami'a nake sha'awar karanta falsafa, sai dai wani malaminmu ya taɓa ce mana ƙofar zindiƙanci ce, tun daga nan nake ɗar-ɗar. Babbar 'yata kuma za ta shiga aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, tana yi mini tambayoyin fiziks ina kame-kame. Babbar matsalata ita ce na iya sayen littafi, ban iya gamawa ba. Sun fi ashirin a ɗakina waɗanda na tsaya a babi na biyu, har maiɗakina ta fara yi mini gori a kan kuɗin da nake zubawa. Don Allah a ba ni sunayen littattafai a fannonin nan uku, falsafa da kayan tarihi da fiziks, waɗanda mutum irina zai iya kaiwa ƙarshe.

Wani malami daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyauta makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin mu zo kan littafi, akwai abin da ya fi gaggawa. Adakar nan gado ce, ba taka ba ce kai kaɗai, ba kuma ta Yaya ba ce shi kaɗai. Akwai haƙƙin mahaifiyarku idan tana raye, akwai na 'yan'uwanka mata, waɗanda sau da yawa a irin wannan ciniki sai an gama ake sanar da su. Saboda haka kada ka tunkari Yaya da maganar "ba za a sayar ba". Ka je masa da ladabi ka roƙi arziki ɗaya: a jinkirta zuwa ƙarshen hutu, a rubuta kowane abu da ke cikin adakar a gaban shaidu biyu, a ɗauki hotonsa, kowane magaji ya samu kwafi. Wannan roƙo ba ya hana kowa rabonsa, zai kuma yi wuya babba ya ƙi shi. Dillalin da ya ce ba zai iya jiran mako shida ba, a kan kayan da suka shekara ɗari suna jira, ya riga ya gaya maka cewa tayinsa bai kai darajar kayan ba.

To, batun karatu. Ka nemi jeri uku, ni kuwa ba zan ba ka ba, don mai littafi ashirin da bai gama ba, idan aka ƙara masa goma sha biyar, talatin da biyar zai tara. Abin da na lura da shi game da masu tsayawa a babi na biyu shi ne, ba ragwanci ke tsayar da su ba. Sun sayi littafin ne don sunansa ya burge su, alhali babu wata tambaya da ke cin ransu wadda littafin zai amsa. Kai yanzu Allah Ya kawo maka tambayoyi har gida, suna cikin adaka. Ka bar su su zaɓa maka abin karantawa.

Ɗauki kuɗin azurfar nan. Tsofaffinmu liyari suke ce musu. Matar da ke jiki sunanta Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Fatake daga Habasha zuwa Yaman zuwa ƙasar Hausa sun amince da wannan kuɗi har ba sa karɓar wanda aka sauya wa fasali, don haka aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 ɗin nan fiye da ƙarni biyu, a Biyana, babban birnin Ostiriya, da Landan da Paris da Roma da Bombay. Ke nan lambar da ka gani ba ta gaya maka shekarun kuɗinka ba. Yana iya zama na zamanin Shehu, yana iya zama ƙanen mahaifinka a shekaru. Abin da za ka iya tabbatarwa da kanka shi ne ko azurfar ta gaske ce, kuma a nan ne 'yarka za ta shigo.

Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Ku je wurin mai sayar da gwal ku roƙi aron ƙaramin ma'auninsa. Ku auna kuɗin. Sannan ku ɗora kofin ruwa a kan ma'aunin, ku mayar da lamba sifili, ku ɗaure kuɗin da zare ku zura shi cikin ruwan ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Lambar da ta fito, wajen 2.7 za ta kasance, ita ce girman kuɗin. Ku raba nauyi da girma. Idan kun samu wajen 10.2, azurfa ce. Idan kun samu takwas da wani abu, tagulla ce aka yi wa wanka. Maganaɗisu kuma ba ya kama azurfa. Wannan shi ne darasin nauyi da girma da ke cikin manhajarta, wanda watakila ta haddace ba ta taɓa gani da ido ba, kuma shi ne dabarar da ake dangantawa da Arkimidis tun kafin haihuwar Annabi Isa. Al-Biruni ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja da irin wannan tunani shekara dubu da suka wuce, ya samu lambobin da ba su yi nisa da na yau ba.

Idan kun yi wannan gwaji, littafin da zai biyo baya da kansa shi ne Pathfinders na Jim Al-Khalili, wanda ya fito a 2010. A Amurka sunansa The House of Wisdom, kada ka saya sau biyu. Marubucin malamin fiziks ne a Ingila, haifaffen Bagadaza, kuma ya ba da labarin Baitul Hikma, cibiyar ilimi ta Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, da Khawarizmi da Biruni da Ibnul Haisam ba tare da kambamawar da muka saba ji a wa'azi ba, inda ake cewa mu muka ƙirƙiro komai. Yana faɗin abin da suka gada daga Girka da Indiya, da abin da suka ƙara, da inda suka yi kuskure. Yana da ɗan kauri, don haka ka fara da babin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. Bayan ka karanta, ku rufe ɗaki ruf da tsakar rana, ku bar 'yar ƙaramar kafa a taga, ku ga tsakar gida ta bayyana a bango a kife. Ƙannenta ma za su so wannan.

Don ita kanta yarinyar, da kai da kake so ka daina kame-kame, Six Easy Pieces na Richard Feynman. Babi shida ne da aka tsamo daga laccocin da ya yi wa 'yan farkon shiga jami'ar Caltech ta Amurka daga 1961 zuwa 1963. Lissafi kaɗan ne a ciki. Inda ya bayyana cewa makamashi ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, da misalin uwa mai ƙirga kayan wasan ɗanta guda 28 kullum tana gano inda ya ɓoye su, ya fi duk wani bayani da na gani a littafin makaranta. Jami'ar ta sa cikakkun laccocin a intanet kyauta, ana iya karantawa a waya, saboda haka maiɗakinka ba ta da abin cewa a nan. Babi na ƙarshe yana da tsauri. In ya gagara ku bar shi, ba laifi.

Akwai kuma Seven Brief Lessons on Physics na Carlo Rovelli, ɗan Italiya, wanda ya fito a 2014 a harshensu. Bai kai shafi ɗari ba, asalinsa maƙalu ne na jarida, za ka iya gama shi tsakanin la'asar biyu. Ba zai taimaki 'yarka a jarrabawa ba ko kaɗan. Kai nake so ka karanta shi, don ka ɗanɗani daɗin rufe bangon ƙarshe, ka kuma san a dunƙule abin da Einstein ya ce game da lokaci da sarari. Sai dai ka lura, darasi na bakwai ra'ayin marubucin ne game da ɗan Adam, ba sakamakon awo ba ne. Masana kimiyya sukan zame daga abin da suka auna zuwa abin da suke zato ba tare da sun yi sallama ba, mai karatu ne zai riƙa lura da inda aka tsallaka. Game da A Brief History of Time na Stephen Hawking kuwa, na 1988, ina kyautata zaton yana cikin ashirin ɗin da ke ɗakinka. Ka bar shi inda yake a wannan hutun. Ya yi suna a duniya wajen sayuwa, ya kuma yi suna wajen rashin gamuwa.

Yanzu falsafa, inda tsoronka yake. Ba zan ce malaminku ya yi maganar banza ba. Akwai littattafan da in mutum ya faɗa musu ba shiri, ba malami, za su bar shi da ruɗani. Amma ka tuna Ahalarin da ka karanta a zaure. Mai shi, Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙar nan ta ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin tunani da kafa hujja, da malamanmu ke karantarwa, manɗiƙi kuwa daga Aristotle ya samo tushe. Shehu Magili da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan wannan ilimi, Suyuɗi na hanawa, Magili na karewa. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya karanci falsafa ya kuma yi rubutu a kanta a cikin daular Sakkwato. Ke nan muhawarar tsohuwa ce a gidanmu, kuma manyan malamai sun tsaya a kowane ɓangare.

Saboda haka ka fara da mutumin da ya fi kowa shahara wajen sukar masana falsafa, wato Imam Gazali, da ɗan littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Tarihin tunaninsa ne da bakinsa. Yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, sai zuciyarsa ta shiga ja-in-ja tsakanin son duniya da kiran lahira har harshensa ya ƙi motsi a wurin karatu, abinci ya ƙi shiga, a 1095 ya bar kujerar ya fita. A farkon littafin yana tambayar kansa: me na sani tabbas? Ya ce ido, wanda ya fi sauran gaɓɓai ƙarfi, yana kallon inuwa ya ga a tsaye take alhali tafiya take yi, yana kallon tauraro ya gan shi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. To in hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a samu wani alƙali sama da hankali da zai ƙaryata shi? Daga nan ya bi ƙungiyoyi huɗu na masu neman gaskiya ɗaya bayan ɗaya: malaman ilimin kalam, Baɗiniyya, masana falsafa, da Sufaye.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne yadda ya yi wa falsafa rabe-rabe maimakon ya yi mata kuɗin goro. A littafinsa Tahafut ya ƙirga mas'aloli ashirin da ya saɓa wa masana falsafa, uku kacal ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Lissafi da manɗiƙi kuwa ya ce ba ruwansu da tabbatar da addini ko rushe shi. Har ya yi gargaɗi mai zafi a kan masoyin addini jahili, wanda zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya sa wanda ya san hujjar lissafin ya ɗauka addinin ne aka gina kan jahilci. Uban da 'yarsa ke karatun kimiyya yana bukatar wannan shafin fiye da kowa. Littafin ƙarami ne. Tunda ka yi karatun zaure, nemi na Larabci wurin masu sayar da littattafan addini, ka haɗa da fassarar Turanci ta Montgomery Watt mai suna The Faith and Practice of al-Ghazali, ka riƙa duba wannan kana duba wancan. In da hali, ka kai wa wani malami da ka yarda da shi ku bi shi tare bayan sallar asuba.

Bayan Gazali sai Hayy ibn Yaƙzan na Ibn Ɗufail, likita kuma masani na Andalus da ya rasu a Marrakesh a 1185. Labari ne, don haka malamin Turanci ba zai sha wuya ba. Jariri ne ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya fita ya bar ta a haka, daga nan ya bi tunani mataki-mataki, daga wuta zuwa taurari, har ya kai ga cewa lalle akwai Mahalicci, ba tare da wani ya koya masa ko kalma ɗaya ba. Sai da ya manyanta wani baƙo mai suna Absal ya sauka a tsibirin, suka gwada abin da wahayi ya kawo da abin da hankali ya gano. An fassara shi zuwa Latin a 1671, zuwa Turanci a 1708, Turawa suka yi ta karanta shi. Tsakiyarsa akwai inda zai yi maka nauyi, wurin bayanin falaki irin na da. Ka tsallake, ka ci gaba.

Za a ce maka ka fara da Sophie's World na Jostein Gaarder, ɗan Norway, na 1991. Ba shi da laifi, malamin makaranta ne ya rubuta wa matasa, amma ya haura shafi ɗari biyar, kuma ya bi ta kan masanan Musulmi a guje kamar ba su taɓa zama ba. In kana son ɗanɗanon Girka, karanta Apology na Plato, jawabin da Socrates ya kare kansa da shi a gaban kotun Atina a shekara ta 399 kafin Miladiyya, aka kuma yanke masa hukuncin kisa. Zama ɗaya ne, yana kuma shafin Project Gutenberg kyauta. Open to Reason na Souleymane Bachir Diagne, masanin nan ɗan Senegal, ka ajiye sunansa don hutun Disamba.

Mu koma adaka. Littafin da zai koya maka farashin kayan tarihi ba shi ne bukatarka ba, don farashin kasuwar Landan ba ya aiki a Zariya. Bukatarka ita ce ka iya kallon abu ka yi masa tambaya: da me aka yi ka, wa ya yi ka, ta wace hanya ka zo nan? Wanda ya fi iya koyar da wannan shi ne Neil MacGregor a A History of the World in 100 Objects. Asalinsa shirin rediyon BBC ne na 2010, kashi ɗari, kowanne minti goma sha biyar, kuma har yanzu ana samun sa a saurara kyauta. Littafin ƙato ne mai tsada, kada ka saya. Ka saurari na kan mutum na tagulla daga Ife da na allon tagullar Benin da duk wanda ya ja hankalinka, kana gyaran babur ko kana jiran a gama tuwo. Ka dai riƙe a ranka cewa shugaban gidan tarihin Birtaniya na wancan lokacin ne ke magana a kan kayan da ke hannunsu, wasunsu kuwa, kamar na Benin, sojojin Ingila ne suka kwaso a 1897. Wanda ke son wancan ɓangaren labarin ya nemi Loot na Barnaby Phillips, na 2021.

Amma in littafi ɗaya za ka saya da kuɗinka a hutun nan, The Hare with Amber Eyes na Edmund de Waal nake ba ka shawara, shi ma na 2010. Marubucin maginin tukwane ne a Ingila da ya gaji 'yan ƙananan sassaƙe-sassaƙen Japan guda 264, kowanne bai wuce a rufe shi a tafin hannu ba, sai ya tashi bin sawunsu. Wani danginsa ya saye su a Paris, aka ba da su kyautar aure zuwa Biyana, a 1938 'yan Nazi suka ƙwace gidan da duk dukiyar da ke ciki saboda masu shi Yahudawa ne, sai wata 'yar aikin gidan mai suna Anna ta riƙa ɗibarsu kaɗan-kaɗan a aljihunta tana ɓoyewa cikin katifa har yaƙi ya ƙare. Gidaje da banki da zane-zane masu tsada duk sun tafi, abin da ya fi ƙanƙanta ne ya saura. Halin da kake ciki ke nan, mutum da gadon da bai san labarinsa ba. Na tabbata ba za ka tsaya a babi na biyu ba, kuma zai tura ka wurin gwaggonninka ka tambaye su wa ya kawo liyarin nan gidan, a lefen wa suka zo, kakanku fatauci ya yi ko malanta. Ka yi wannan tambayar a hutun nan, da rikoda a kunne, tun masu amsar suna nan.

Agogon aljihun ma yana da littafinsa, Longitude na Dava Sobel, na 1995, gajere mai daɗin karatu, wanda za ku iya yi tare da 'yarka babi-babi da dare. A 1714 majalisar Ingila ta sa ladan fam 20,000 ga wanda zai samo hanyar da jirgin ruwa zai san inda yake gabas ko yamma a tsakiyar teku. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato minti huɗu kowane digiri, shi ya sa mutanen Maiduguri ke riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. In kana da agogon da ke riƙe lokacin garinku daidai, ka gwada shi da rana a inda kake, ka san nisanka. Matsalar ita ce babu agogon da ke jure girgizar teku da sauyin zafi, sai da wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙarar da rayuwarsa a kai. Kada dai karatun ya zuga ka ka buɗe bayan naka da wuƙa.

Wannan ya kawo ni kan abin da bai kamata ka yi ba. Kada ka goge kuɗin ko butar da toka ko lemon tsami don su yi ƙyalli, dattin tsufan nan yana cikin darajarsu. Aninai kada ka sa musu rai da yawa, an buga su da yawan gaske, sai dai ka duba ko akwai na 1907 marar nauyi, wanda aka yi da sanholo, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Takobin ka duba ruwansa ko akwai tambari, don da yawa daga cikin waɗanda suka ƙetaro Sahara a garin Solingen na Jamus aka ƙera su, aka yi musu ƙota da kube a nan.

Takardun da ke cikin gafaka su ne na fi ji. Watakila dillalin bai ba su muhimmanci ba a bakinsa, amma ina zaton su ne suka kawo shi. Kada ka manna musu salatif, kada ka kai a lulluɓe su da leda mai zafi, kada ka hargitsa jerinsu. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, kalmar da marubuci ya sa a can ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jeri. Damina ce yanzu, ka ɗaga su daga ƙasa saboda danshi da gara. Ka ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana: idan ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, ta Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus a ƙarni na 19. Ka duba shafin ƙarshe na kowane littafi, nan ne mai kwafa kan rubuta sunansa da na wanda ya yi wa aikin, wani lokaci ka tarar da sunan kakan kakanka. Kaduna ba ta da nisa da kai, Gidan Arewa yana da masu aikin adana irin waɗannan rubuce-rubuce, ga kuma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a garinku. Ka kai musu hotuna tukuna, ba ainihin takardun ba.

Sannan ka sanar da Yaya, cikin hikima, cewa akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana iya faɗawa ƙarƙashinta. Ka tambayi dillalin takardar izininsa a gaban Yaya. In 'yan'uwa suna bukatar kuɗi, haƙƙinsu ne, ba a ce kowa ya so tarihi ba. Ana iya kiran masani ya ƙiyasta kayan, mai rabon gado ya sa su cikin lissafi, kai ka karɓi takardun a matsayin rabonka ko ka fanshi na sauran a hankali.

Littattafai ashirin ɗin nan kuwa, ka zaɓi uku da har yanzu ranka ke so, sauran ka kai laburaren makarantarku da sunan Baba. Ka gaya wa maiɗakinka littafi ɗaya tak za ka saya a hutun nan, ka faɗa mata kuɗinsa tun kafin ka saya.